Abin da na gani a aikin ɗibar jinin tsuntsaye bayan shuka

Na taɓa yin aiki da masu bincike da ke bin diddigin maganin ƙwari a jikin tsuntsayen daji, ni aikina kafa raga a bakin gona bayan an yi shuka, in cire tsuntsu in ya faɗa, a auna nauyinsa, a ɗan tsikari jijiyar ƙarƙashin fiffike a ɗebi jini ɗigo kaɗan, sannan a sake shi. Maganin da muke nema shi ne imidacloprid, wanda kamfanin Bayer ya fito da shi kasuwa a 1991, ana shafe iri da shi kafin a shuka, to duk ƙwayar da ta zube a sama ƙasa ba ta rufe ta ba, kurciya da gwara ke tsince ta.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne saurin abin. Tsuntsu ya haɗiye iri, ƙundu ya niƙa, hanji ya tsotse, cikin kamar awa ɗaya maganin ya kai ƙololuwa a jini. Daga nan hanta ta kama aiki tana farfasa shi zuwa wasu sinadarai, ƙoda ta tace, su fita ta kashi tunda tsuntsu fitsarinsa da kashinsa hanya ɗaya suke bi. Gwajin da aka yi wa salwar Japan ya nuna kafin awa 24 maganin ya ɓace daga jiki har na'ura ba ta ganinsa. Wato in ka kama tsuntsu yau alhali shekaranjiya ya ci, jininsa zai fito fes kamar bai taɓa zuwa gonar ba, shi ya sa muke sammako, kuma muna kwashe kashin da suka yi a cikin jakar ƙyallen da ake ajiye su, a saka a firiza nan take. Aikin ƙazanta ne gaskiya amma a nan sauran maganin yake.

Wasu in sun ji haka sai su ce ai shike nan ba matsala tunda yana fita. Ni dai ban yarda ba. DDT, wani tsohon maganin ƙwari, shi kam kitse yake maƙalewa ya daɗe, ya sa ɓawon ƙwai ya yi laushi, har Amurka ta hana shi a 1972, imidacloprid kuwa baya zama, amma a 'yan awannin da yake jiki yana taɓa jijiyoyi, tsuntsu ya yi laƙwas ya daina cin abinci. A Kanada an ba wasu gwarare masu ƙaura imidacloprid ɗan kaɗan, sakamakon ya fito a 2019, cikin awa 6 sun rasa kusan kashi 6 cikin 100 na nauyinsu, kuma sun makara wajen ci gaba da tafiya da kwana uku da rabi. Sannan tsuntsun da ya ci yau gobe ma gonar zai koma, hanta ta gama da na jiya ga sabo ya shigo.

Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili tun 2018. Inda ake amfani da shi har yanzu, abin da muke roƙon manoma kawai su binne irin da kyau, in ya zube wajen ɗura wa injin shuka a kwashe ko a rufe da ƙasa, don a irin wuraren nan muka fi samun tsuntsaye sun taru.