Ranar da na goge IMEI ɗin wayar wani dattijo

Wata na bakwai ke nan ina koyon gyaran waya a wani shago kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina lokacin da abin ya faru, kuma wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Oga ya tafi Kano sayo kaya, sai ga wani dattijo daga Jibiya da Tecno ɗinshi ta tsaya a logo, ba gaba ba baya. Na ce Baba zauna, yanzun nan za a gama. Na buɗe SP Flash Tool, manhajar da ake sake loda wa waya Android da ita, na loda fayil ɗin scatter mai nuna taswirar memorin wayar, maimakon in bar shi a Download Only, wato lodawa kawai, sai na zaɓi Format All + Download mai fara goge komai, wai don ta fita tas.

Ta kau tashi. Amma aka sa layi ba sabis, na danna *#06# lambobin nan 15 na shaidar waya da ake ce ma IMEI babu su, Invalid IMEI kawai take nunawa.

Da oga ya dawo bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi mani, ka ɗauki bakof, wato ka kwafi abin da ke cikinta ka ajiye? Na yi shiru. Sai ya zaunar da ni ya ce memorin waya ɗaki-ɗaki ne, akwai inda Android take, wannan ko sau goma ka goge za ka samu wata a intanet, amma akwai ɗan ƙaramin wurin da kamfani ya rubuta abin da na wayar nan ne ita kaɗai, IMEI da adireshin WiFi da Bluetooth da saitin yadda take kama sabis wanda aka auna mata tun a masana'anta. A wayoyi masu injin MTK, wato MediaTek, su Tecno da Infinix da yawansu, NVRAM da NVDATA ake ce mashi, a Samsung EFS, masu injin Qualcomm kuma fayil ɗin QCN ake cirewa. Fomat ɗin da na yi shi ya share wurin.

Allah ya taimaka dattijon bai yar da kwalin wayar ba, don IMEI ɗin na rubuce a jikinshi, sai da ya koma Jibiya ya dawo washegari da shi, muka maida mata lambarta ta asali. Duk da haka sabis ɗinta bai koma kamar da ba, ga kuɗin mota da na jawo mashi, ga hotunan jikokinshi sun tafi. Bai ce komai ba sai Allah ya kyauta ɗana, wannan ta fi mani zafi a kan zagi.

Yanzu ko kwastoma na tsaye kaina yana sauri, sai na yi Readback tukuna, wato in kwafo abin da ke cikin memorin wayar zuwa fayil, in rubuta IMEI a littafi, fayil ɗin in sa mashi sunan waya da kwanan wata in ajiye a laftof da kuma filas daban, don laftof ma tana mutuwa. In na ga alamar eMMC, wato memorin cikin waya, ta gaji, waya na yawan kashe kanta, to karantawa nake fara yi kafin in rubuta mata komai, wataƙila wannan ne karo na ƙarshe da za ta yarda a karanta ta. Jiya ma sabon yaron shagonmu ya kai hannu kan fomat, na riƙe mashi hannu na ce tsaya ƙanena, ina bakof ɗin?