Talata: sarki biyu a ɗaki ɗaya

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare. A tsakar gida nake wannan rubutu, don ɗaki ba ya shiguwa. Zafin Afirilu a Yamai ko dare bai cika sassauta masa ba.

Ban gama karin kumallo ba Alhaji ya kira. Abokin marigayi babanmu ne, yana da ɗan wurin koyar da aikin kwamfuta a Bukoki: ɗaki biyu da biro, tsofaffin kwamfuta 14 waɗanda ni da hannuna na zuba musu Debian 12, wani nau'in tsarin Linux, bara, tunda ƙarfinsu ba ya ɗaukar wani abu mai nauyi. Ko gaisuwa ba mu ida ba ya ce, "Ɗana, rezo babu. Yau kwana uku."

Na ce, "Baba Alhaji, duka ne ko wasu daga ciki?"

Ya ce, "Wata na yi, wata ba ta yi. Wadda ta yi jiya yau ta ƙi. Ni dai na gaji, kamfani zan sake."

Wannan magana ta "rezo babu" kamar mutum ne ya je likita ya ce jikina ba daɗi. Tana iya zama ɓera ya ci waya, tana iya zama kuɗin wata ya ƙare, tana iya zama yaro ya taɓa wani maɓalli. Na roƙe shi kada ya sake komai sai na zo.

Ɗiyar yayata ba ta da darasi yau, sai ta ce za ta bi ni. Shekararta ta biyu ke nan a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma tun hutun bara take nacin in koya mata aiki da baƙin allo, wato tarminal. Na ɗora ta a bayan babur daga Harobanda, muka tsallaka gadar Kennedy. Kogi ya ja baya sosai, tsibirai duk sun fito.

Da isarmu na yi abin da nake hana ta. Na zauna gaban kwamfutar farko, na buga `ping google.com`, umarnin da ke ƙwanƙwasa wa wani inji a ji ko zai amsa, ta amsa mini da Faransanci, "Échec temporaire dans la résolution du nom". Nan take na yanke hukunci: DNS ne. Wato mai fassara sunan shafi zuwa lambar adireshi shi ne ya kwanta. Na sha ganin haka. Na buɗe `/etc/resolv.conf`, na rubuta 8.8.8.8 na Google, na ƙara 1.1.1.1 na Cloudflare, ko da yake na san NetworkManager, manhajar da ke kula da haɗin rezo, zai goge su da zarar an sake haɗawa. Gwaji kawai nake so. Shiru. Sai na ciro tawa kwamfutar daga jaka, na zare wayar na soka mata, intanet ya zo garau, har saƙonnin aiki suka fara shigowa. Na ce to ba waya ba ce, kwamfutar ce. Na koma ina tonon ta. Wajen awa guda ina wannan. Har na fara cewa a raina ko Alhaji na da gaskiya, kamfanin ne ke wasa da mu, ya bayar ya ɗauke. An bar jaki ana dukan taiki.

Yarinyar kuwa tana kwamfuta ta uku tana ta kanta. Da farko `ifconfig` ta buga, aka ce mata babu wannan umarni. Na ce mata ta manta da shi, tun 2017 Debian ta daina zuwa da shi, `ip` ake yi yanzu. Na ce ta buga `ip -br a`, wanda ke jera katunan rezo layi-layi a taƙaice. Ta tambayi me ya sa sunan katin `enp2s0` maimakon `eth0` da ke cikin takardunta. Na yi mata bayani a gurguje, idona na kan allona: `en` na mai waya ne, `wl` na marar waya, sauran lambobin kuma mazaunin katin ne a jikin injin, don kada sunan ya riƙa sauyawa duk kunnawa.

Jim kaɗan sai ta ce, "Kawu, taka 192.168.1.23 ce, ko? Wannan 192.168.0.104 take nunawa. Sifiri ne a wurin ɗaya."

Na ce, "Sake karantawa."

Ta sake. Sifiri ne.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Yau dai babba na zaune a gindin rimi yana gumi, yarinya ta gani daga kan benci. Ni ne na tsara rezon wurin nan, na san babbar ruta, akwatin da ke haɗa wurin da intanet, da ke biron Alhaji 192.168.1.1 ce, kuma duk adireshin da take rabawa da 192.168.1 yake farawa. Da na bi matakan da na saba, daga ƙasa zuwa sama, da minti biyu ya ishe ni. Ka fara da waya, tana da rai? Sannan adireshi, an ba ka, kuma wane iri? Sannan ƙofar fita, tana amsawa? Sannan lambar waje kamar 8.8.8.8. Sai daga ƙarshe suna. Ni kuwa na fara daga suna, tunda shi ne ya yi ƙara.

Muka dawo kan hanya. `ip route` ya nuna ƙofar fitar kwamfutar 192.168.0.1 ce. Na buga mata `ping -c 4`, ta amsa duka huɗu, da sauri ma, ƙasa da milisakan ɗaya. To akwai wani abu mai rai a cikin ginin nan da ke cewa shi ne ƙofa. Na buga wa 8.8.8.8, ko tari. Ƙofa ce da ke buɗewa cikin bango. `nmcli -f DHCP4 device show enp2s0` ya ƙarasa tona asirin: a layin da ke faɗin wanda ya ba da adireshin, 192.168.0.1 ce zaune.

Nan na tsaya na yi mata bayanin DHCP da kyau, don shi ne zuciyar maganar. Kwamfuta idan ta tashi ba ta da adireshi, ba ta san kowa ba. Sai ta yi shela ga duk wanda ke kan waya: wa zai ba ni masauki? Mai rabon adireshi ya ce ga wannan. Ta ce na karɓa. Ya ce na rubuta miki, na tsawon lokaci kaza. Magana huɗu ke nan. Abin da ba ta yi shi ne tambayar wa ya naɗa ka. Galibi wanda ya riga amsawa shi take bi, kuma in lokacin sabuntawa ya yi wurinsa take komawa. Don ta gani da idonta, na kunna `sudo tcpdump -n -v -i enp0s25 port 67 or port 68` a tawa, na cire waya na mayar. Shela ɗaya ta fita, tayi biyu suka dawo, ɗaya daga 1.1, ɗaya daga 0.1. Tawa ta yi sa'a ne ɗazu, shi ya sa ta ruɗe ni.

Sauran aiki na ƙafa ne. Na bar `ping` yana ta bugun 192.168.0.1 daga kwamfutar da take zaune, na je wurin siwic, akwatin da duk wayoyin ke taruwa, ina zare su ɗaya bayan ɗaya. Ita ke kallon allo. A ta tara ta ɗaga murya, "Kawu, ya tsaya!" Muka bi wayar, ta bi gefen bango, ta shiga ɗaki na biyu, ta ɓace bayan kabad ɗin ƙarfe. Ga wata ƴar ƙaramar ruta mai eriya biyu, ta sha ƙura, fitilunta na ta ƙyaftawa abinsu.

Mushen da ke koyar da ƴan ajin yamma ne ya kawo ta daga gida ranar Asabar. Wifi ba ya kaiwa ɗakinsa, ɗalibai na ƙorafi, sai ya ce bari ya taimaka. Ya soka wayar a ɗaya daga ramukan LAN, wato na rezon cikin gida, ya ga fitila ta kama, ya ɗauka shi ke nan. Ban ga laifinsa sosai ba. A kwalin babu inda aka rubuta masa cewa akwatin na zuwa da nasa mai rabon adireshi a kunne. Da Alhaji ya fara ɗaga murya sai na ce, "Baba, ku yi haƙuri, niyyarsa mai kyau ce, kuma akwatin zai yi mana amfani." Mushe ya yi ta cewa, "Wallahi Injiniya ban sani ba." Ni ba injiniya ba ne, amma yau ban gyara masa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin da ya sa cutar ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta, kuma wuta ce ta nuna mana shi da kanta. Wajen sha biyu da rabi aka ɗauke kuran. Bayan minti ashirin ya dawo, na tsaya ina kallon akwatunan biyu. Ƙaramar ta gama tashi tun babbar na lalube, don ita babbar sai ta ɗauki lokaci kafin ta shirya. Yara kuwa da wuta ta dawo rige-rigen danna maɓalli suke. Duk kwamfutar da ta tashi a wannan ɗan tsakanin, ƙaramar ce kaɗai ke nan ta amsa mata. Wadda aka kunna daga baya kuma sai yadda ta kaya. A wannan wata da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, kullum sai an sake rabon.

Gyaran bai kai minti goma ba. Na shiga shafin ƙaramar, na kashe DHCP, na ba ta 192.168.1.2 wanda ke wajen jerin da babbar ke rabawa, na bar wayar a ramin LAN inda Mushe ya sa ta. Yanzu aikinta watsa wifi kawai. Yarinyar ta bi kwamfutocin da `nmcli device disconnect enp2s0` sannan `nmcli device connect enp2s0`, tana duba ko ɗaya ta koma wurin sifiri. Kwamfutar biro da ke riƙe da takardun ɗalibai kuma na kafa mata adireshi na dindindin da `nmcli connection modify`, na sa `ipv4.method manual` da 192.168.1.10/24, don kowa ya san inda zai same ta.

Muka yi Azahar, Hajiya ta aiko da dambu da kopto daga gida. Na ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Kwamfuta biyu suka ƙi. Ta farko `ip link` ya nuna `NO-CARRIER`, wato ko alamar rai babu a wayar. Muka ja ta, ɓera ya gutsure ta a bayan tebur. Ta biyun tana aiki amma da nauyi, `ethtool enp2s0` ya ce gudunta 100 ne maimakon 1000. A cikin wayar rezo siraran wayoyi takwas ne, biyu-biyu a murɗe. Gudun 100 huɗu kawai yake bukata, na 1000 kuwa sai takwas ɗin duka sun taɓa. In ɗaya ta saki a kai, katin ba ya ƙorafi, sai ya sauka ƙasa shiru. Na yanke kan, na ba ta abin matsewa, na ce ta jera: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ta ɓata kai biyu kafin na uku ya kama, ni ma na ɓata ɗaya ina nuna mata gwaninta. Kan wayar, wato RJ45, da na zo da su suka ƙare, ta ɓera ta kwana a haka.

Sai kwamfutar Alhaji, wadda ya sayo ta hannu a kasuwar Katako. Ya ce tun makon jiya ba ta ganin wifi ko ɗaya. `rfkill list` ya ce `Hard blocked: yes`. Irin wannan babu umarnin da ke buɗe shi. Shi `rfkill unblock` na wanda manhaja ta rufe ne. Na juya injin, ga ɗan maɓalli a gefe an ture shi. Jikansa, in ji shi. Da wifi ya bayyana sai kalmar sirri ta ƙi shiga har sau uku. Allon rubutun na Ingilishi ne, QWERTY, tsarin da ke ciki kuwa AZERTY na Faransa, inda lambobi sai an haɗa da Shift. Alhaji na danna 1, injin na rubuta &. Na daidaita masa tsarin da abin da idonsa ke gani.

Da `nmcli device wifi list` muka ƙirga rezon maƙwabta har tara, yawancinsu cunkushe a tasha ta 6, mu ma muna ciki. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne ba sa taka juna, 1 da 6 da 11. Na kai babbar 1, ƙaramar 11. Na kuma fito da ƙaramar daga bayan kabad na rataye ta sama, tunda ƙarfe da bulo na siminti ke cinye ƙarfinta. A kujerar ƙarshe ta ɗakin `iw dev wlp3s0 link` ya nuna ƙarfin wifi -78 dBm kafin, -57 bayan. Yarinyar ta ce ai lambar raguwa ta yi. Na ce ta dubi alamar debewa da ke gaban lambar, -57 ta fi -78, ta yi dariya.

Alhaji ya ba ni jika goma, ya ce cikon sai Juma'a. Ya ba ta jika biyu, ya ce, "Ɗiyata, ke kika yi aikin, kawunki rakiya ya yi." A hanya ta saya mana kilishi da rabin kuɗin. Tun a kan gada take tambayar yadda za a hana wani ya sake soko irin wannan akwati. Na ce akwai siwic masu tsaron da ke toshe tayin da bai fito daga ramin da aka amince da shi ba, amma ba irin na Alhaji ba, kuma ba zai saya ba. Na dai liƙa takarda a jikin siwic ɗin da Hausa da Faransanci, a kira ni kafin a soka komai.

Gobe da safe Katako: kan RJ45 leda ɗaya, waya mita goma, da maganin ɓera in na tuna.