"E no far" da sauran rigimar nisa a Turanci

Satina na farko a Legas na tambayi wani kwandasta a Agege ko Obalende da nisa, ya ce min "e no far", wato babu nisa. Wallahi sai da muka ci kusan awa 3 a cikin danfo, ƙaramar motar haya ta Legas, gosulo ya riƙe mu a kan gadar Third Mainland, gadar da tsawonta bai ma cika kilomita 12 ba. Na so in ji haushinsa amma na tuna mu ma a gida in aka ce maka "ai nan ne kusa" to ka ɗaure takalminka.

Abin da ya dawo min da zancen shi ne ƙanena da ke shirin WAEC, ya rubuta "the market is too far" alhali so yake ya ce kasuwar na da nisa sosai. Na ce masa kai Malam, "very far" shi ne da nisa sosai amma za ka je, "too far" kuwa nisan ya wuce kima, maganar zuwa ma ta mutu. Mu nan mun mayar da "too" abin yabo, za ka ji an ce yarinya "too fine", wanda in Bature ya bi ƙa'ida sai ya ɗauka kyan ne ya yi mata yawa har ya zama matsala.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce "quite". Mutumin Ingila in ya ce aikinka "quite good" ne kar ka yi saurin murna, sau da yawa ba laifi kawai yake nufi, ɗan Amurka kuwa da gaske yake yabonka. Su "farther" da "further" ba na ɓata lokaci a kansu, ta farko ta nisan hanya ce, ta biyu kuma ta ƙari a kan abu ce, amma a Ingila har nisan hanyar take ɗauka.

Ƙanen nawa ya ce to Yaya ita kasuwar Mile 12 ta Legas fa, tunda yanzu kilomita muke yi? Na ce mil ɗaya kilomita 1.6 ne, lissafa da kanka, amma je ka tasha ka ce a kai ka Kilomita 19 sayen tumatir ka ga ko akwai direban da zai kula ka.