Abin da fayil ɗin 'yan fansho ya koya mani

Shekara shida na yi a teburin da ake karɓar takardun 'yan fansho a wani ofis nan cikin Katsina, kuma wallahi da na fara aikin ina ganin lissafin ya yi daidai. A tsohon tsari in ka cika shekara 35 kana aiki ko ka kai shekara 60, fanshonka na iya kai kashi 80 cikin ɗari na albashinka na ƙarshe, ga giratuti. To me mutum zai ƙara nema?

Wani tsohon hedimasta ne ya gyara mani tunani. Ya zo tantancewa daga wajen Ƙofar Marusa, takardunshi cikin leda baƙa ya naɗe su da roba, na ce Baba ai kashi 80 ɗin nan ba laifi, sai ya yi dariya ya ce "ɗana, kashi 80 na wane albashi?" Ya aje aiki tun mafi ƙarancin albashi na dubu 18, aka maida shi dubu 30 a 2019, aka kai dubu 70 a 2024, shi ko alat ɗinshi kusan yana nan inda ya bar shi. Ya ciro takardar maganin hawan jini da na suga ya aje mani kan tebur, ya ce in lissafa mashi tiya nawa ta gero za ta rage bayan wannan, ga jikoki huɗu a gida. Ban iya ba.

Kuma fa sashe na 210 na tsarin mulki ya ce a riƙa duba fanshon jiha duk shekara biyar ko lokacin da aka ƙara albashi, a takarda dai yana nan.

Sabon tsarin ma da aka kawo a 2004 aka gyara a 2014, ma'aikaci ya zuba kashi 8 na albashinshi, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10, abin da ka tara shi za ka ci, in albashin ƙarami ne asusun ma ƙarami zai fito.

Ni dai yanzu in an tambaye ni nawa ya kamata fansho ya zama ba na kiran kashi kaza, cewa nake kada ya gaza mafi ƙarancin albashi, kuma duk ran da aka ɗaga ma masu aiki a ɗaga ma tsofaffin rana guda. Baba kuwa da zai tafi sai da ya tsaya bakin ƙofa yana ƙirga canjin Keke Napep.