Abin da Giyar Bayan Wata BMW Ta Koya Mini

Tun da na ajiye aiki a garejin da na daɗe ina yi wa hidima a Abuja, abokan sana'a ba su daina tambayata dalili ba, kuma na lura cewa da yawansu sun riga sun ji labarin BMW ɗin nan daga bakin wanda ya fi ni murya a wurin. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana yadda aikin ya gudana, domin bakaniken da za a kawo wa irinsa nan gaba ya shiga da idonsa a buɗe.

Motar 328i ce, ƙirar E36, mai ƙofa biyu, injinta silinda shida ne yana tura tayoyin baya. Mai ita matashi ne cikin masu wasan mota, kuma kukansa shi ne duk lokacin da ya taka totur a kwana, tayar ciki kaɗai ke juyawa tana hayaƙi, ta waje kuwa ba ta samun ƙarfi. Babu abin da ya lalace a motar. Haka difarenshal, wato giyar baya, na gama-gari yake, yana raba ƙarfin juyi daidai tsakanin tayoyin biyu, don haka tayar da ta rasa riƙo ita ke yanke iyakar abin da 'yar'uwarta za ta samu. Ya sayo LSD, wato difarenshal mai taƙaita sulɓi, irin mai faifan kuloci da ke matsuwa idan an ba mota wuta, kuma na yaba da zaɓin nasa. Irin su Torsen da Quaife, masu aiki da giya zalla, sun fi shiru a kan titi, kuma Torsen ɗin ne Toyota 86 ta fito da shi tun 2012, amma idan taya ɗaya ta rasa riƙo gaba ɗaya, sukan koma kusan kamar na gama-gari. Mai son jan mota a karkace faifan kuloci yake buƙata.

Wanda bai taɓa buɗe akwatin giyar baya ba yana ɗauka aikin kwance noti ne da mayarwa. Akwatin wannan mota mai milimita 188 ne, kuma abin da ake canzawa cikinsa ne kawai: a cire babbar giya mai zagaye daga tsohon gida, wato tsohon difarenshal ɗin, a ɗaura ta a kan sabo da sababbin kusoshi, a danna sababbin boris, a mayar. Ƙaramar giyar da farfela ke juyawa ba a taɓa ta. Wahalar tana cikin ɗan ratan da ke tsakanin haƙoran giyoyin biyu, wanda bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma da siraran wasa, wato zobban ƙarfe, da ke ƙarƙashin murfin gefe biyu ake daidaita shi. Jimillar kaurinsu ita ke yanke yadda boris za su matsu, rabon kaurin tsakanin hagu da dama kuma shi ke kusanto da babbar giya ko ya nisanta ta. Giyar da ta yi shekaru tana aiki haƙoranta sun saba da juna a wani wuri, don haka kafin in kwance komai na dasa agogon awo na karanta ratan, na samu 0.11, na ɗauki hotonsa a waya. Da na harhaɗa da sabon LSD da tsofaffin wasa, agogon ya nuna 0.03. Na shafa fenti a haƙoran na juya, tambarin ya sauka can ƙarshen haƙori maimakon tsakiya.

Na je wurin oga na ce masa, "Oga, wasan nan ba za su yi ba, sai an nemo wasu, ko a nan Apo ko a aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas." Ya riga ya yi wa mai motar alkawarin za ta fita kafin wani biki na ƙarshen mako, ya kuma karɓi kuɗi gaba ɗaya. Ya kama farfela ya juya da hannu, ya ce shi bai ji komai ba, kuma tun kafin in san sifana yake ɗaura giyar baya ba tare da wani agogo ba. Na nuna masa hoton da tambarin fentin. Ya ce, "Kai dai rufe mini aikin nan." Da na tambayi man da ya dace, wanda aka haɗa da sinadarin da ke hana faifan kuloci kakkarwa, sai ya nuna mini durom ɗin man giya da muke zuba wa kowace mota.

Ba a yi nisa ba motar ta dawo tana kuka daga baya, kukan da ke ƙaruwa da gudu. Rata idan ya yi kaɗan, ƙarfe kuma ya ɗauki zafi ya kumbura, mai ba ya samun wurin zama tsakanin haƙora, sai su riƙa cin juna. Da muka sauke man, garin ƙarfe ne ke ƙyalli a cikinsa, haƙoran babbar giya kuma sun ƙuje. A gaban mai motar, da yaran gareji a tsaye, oga ya ce ya ba ni aikin ne saboda ya yarda da ni, ashe ban iya ba. Wayata tana aljihuna da hotunan a ciki, amma mutumin ya girme ni, kuma a hannunsa na samu wuri lokacin da na zo garin, don haka na yi shiru na bari sai mun keɓe. Da na tuna masa maganarmu, bai musa ba. Cewa ya yi gareji ba ya ɗaukar laifi a gaban mai mota, dole wani ya ɗauka, kuma kuɗin giyar da za a sayo daga albashina za su fita. Har yau abin da ya fi ci mini rai shi ne bai ma ga buƙatar ya yi mini ƙarya ba.

Ni na sake aikin. An sayo akwati na hannu, kuma a wannan karon babu wanda ya tsaya a kaina. Na jira wasan da suka dace, na mayar da ratan inda na same shi, na duba tambarin fentin a gefen tura da gefen sakin totur, na zuba man LSD, sannan na kai motar fili na yi ta zagaya siffar 8 a hankali domin faifan su zauna, na zubar da man na sake sabo. Motar tana kan titi har yanzu kuma ba ta kuka. Mai ita yana gaya wa mutane cewa oga ne ya gyara ɓarnar da yaronsa ya yi.

Shawarata ga wanda ke aiki a ƙarƙashin wani ita ce ya tura wa mai mota hoton awo a lokacin da ya ɗauka, kafin a rufe murfi, tare da bayanin abin da zai biyo baya, ko da ogansa zai ji haushi. Hoton da aka fito da shi bayan ɓarna ya zama makamin rigima, kuma mai kunya ba zai iya fito da shi ba. Idan aka tilasta masa rufe aikin da agogo ya ƙi, ya ajiye sifana ya bar wanda ya ba da umurnin ya ɗaure kusoshin da hannunsa.

Sauran abubuwan gajeru ne. A E36 na'urar da ke karanta gudu tana murfin bayan akwatin, don haka a tuna a mayar da zoben da take karantawa kan sabon gida, in ba haka ba allurar gudu za ta kwanta. Kada a sake amfani da tsofaffin kusoshin babbar giya. Tayoyin baya su zama girma ɗaya da iska ɗaya, domin bambancinsu yana cinye faifan ko a miƙaƙƙiyar hanya. A gaya wa mai mota cewa a ruwan sama bayan motar zai fi saurin zamewa gaba ɗaya fiye da yadda ya saba. Wanda kuma ya zo neman a yi masa waldar difarenshal, wato a haɗe tayoyin baya su riƙa juyawa tare, don ya fi LSD arha, alhali da motar yake kai yara makaranta, ba na karɓar aikinsa.

Yaran da na bari a garejin su nake ji. Biyu daga cikinsu sun fara iya karanta agogon awo, kuma agogon nawa ne, da kuɗina na saya, na tafi da shi. Na ce musu duk ranar da aka kawo giyar baya su kira ni in ara musu, amma na san wanda zai ce musu babu lokaci.