Wata uku ina yaudarar kaina da jita

Har yanzu in na tuna kuɗin da na zuba a kan ɗan akwatin ƙara kaurin sautin nan, raina sai ya ɓaci. Tarin wata biyu ne fa.

Waƙar da ke ɗauke da sunan albam ɗin ƙungiyar mawaƙa ta Metallica na 1986, Master of Puppets, ita na sa a gaba. Hannun hagu bai ba ni wahala ba, cikin sati biyu yatsuna sun haddace wurarensu. Sai na ɗauki kaina a waya, na saurara kusa da na asali. Nasu kamar ana sara itace da gatari, nawa kuwa kamar ana kaɗa kunu. Nan take na ɗora laifin a kan kaya: ai su a Copenhagen suka yi nasu, da mai ɗaukar sauti Flemming Rasmussen da amfilifayar (na'urar ƙara sauti) Mesa Boogie, ni kuma 'yar amfilifayata ko kwalin sabulu ta fi shi da kaɗan. Na sayo akwatin, na murɗe shi har ƙarshe. Kunun ya ƙara kauri, shi ke nan.

Wani dare ina kallon bidiyon wasansu a dandali, na rage gudunsa, na ƙura wa hannun damar mai kaɗa jitarsu James Hetfield ido. Ashe ƙasa kawai yake bugawa! Ni wata uku ina yin ƙasa da sama, don ya fi sauƙi. Shi kuwa kowane bugu daga sama yake saukowa, gefen tafinsa na danne tsirkiyar kusa da gada, wato inda tsirkiyoyin suke kafe a jikin jita, sautin ya fito gajere, a dunƙule. A gudun waƙar, wajen bugu 212 a minti, hannu na sauka sau biyu a kowane bugun waƙar, wato kusan sau bakwai a daƙiƙa ɗaya, ga waƙar ta haura minti takwas. Nauyin da nake nema a kanti yana wuyan hannu.

Haushi ya sa na ƙara wata wautar. Na ce a daren nan sai na kamo su. Na ƙanƙame tsinken kaɗawa, na sandare dantse, ina bugawa tun daga gwiwar hannu. Kwana huɗu wuyan hannuna ya ɗauki zafi, ko buta ban iya ɗagawa da shi. Sati biyu jita na jingine a bango.

Da na dawo, na sa na'urar ƙirga bugu a 120, na sassauta riƙo, na rage ƙarar akwatin nan sosai don in riƙa jin kuskurena, tunda da shi yake rufa mini asiri. Ina ƙara biyar-biyar, in dantse ya fara ɗaurewa in tsaya. Yanzu ina 185, a tsaftace, kuma ina alfahari da shi.

Akwatin yana ƙarƙashin gado. Na yi tallarsa sau biyu, wanda ya taya ko rabin kuɗina bai kai ba.