Waɗanda Lissafin Yaƙi Ba Ya Gani

Na daɗe ina bibiyar aikin masu bincike na Jami'ar Uppsala da ke ƙasar Suwidin, waɗanda suka tattara bayanan rikice-rikicen duniya kama daga 1946 zuwa yau. A ƙa'idarsu, faɗa ba ya shiga lissafin rikicin makamai sai ya ci rayuka 25 a fagen daga cikin shekara guda, idan kuwa mamatan suka kai 1,000 sai a kira shi yaƙi. Wannan ƙa'ida tana da amfani ƙwarai, domin da ita ake iya kwatanta Siriya da Kwalambiya ba tare da son zuciya ba.

Abin da ke damuna shi ne mutanen da ba sa shiga wannan lissafi, kamar yaron da gudawa ta kashe a sansani bayan an rushe asibitin garinsu. Tun da jami'an da ke raba kuɗin agaji sukan fara duba alƙaluma ne, a ganina wajibi ne su haɗa na Uppsala da rahoton hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya kafin su yanke shawara.